Hanyar da Kika Nema Ranar Juma'a

Williamsville, Adjamé.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisu, wadda nake kira Uwani saboda sunan tsohuwata da kika ci. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggonki Asabe da ta ba ki masauki a Treichville, da maigidanta, da yara baki ɗaya. Allah Ya kiyaye ki a tafiyar da ke gabanki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sauke ki lafiya a hannun mutanen kirki.

Ki sami wuri ki zauna kafin ki fara karatun nan, don na san Hausarki. Ta Abidjan ce, ki ɗauko zance da Hausa ki dire shi da Faransanci, a tsakiya kuma ki yayyafa masa Julanci. In wata kalma ta shige miki duhu ki tambayi gwaggonki, amma kada ki miƙa mata takardar duka, don kafin la'asar duk Treichville ta ji. Labarin gida kuma ba zan ba ki ba. Innarki ce za ta kawo miki wannan, ita za ta ba ki labari har da wanda bai faru ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro kin san shi. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kin fito da jakarki kika durƙusa gabana a tsakar gida, kika ce, "Baba, na zo neman hanya." Al'adar mutanen ƙasar nan ce da ta bi jikinmu, ba a tashi daga gidan mutum sai an nemi hanya, shi kuma ya ce ya bayar. Ni kuwa sai na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Wallahi ko abin da ake faɗa a cikinta ban ji ba. Kina durƙushe, innarki tana ta ƙifta min ido daga bakin madafa, matan haya sun bar wanki suna kallo. Da kika gaji kika ce, "To, Baba," kika ɗauki jakar kika fita. Yanzu an ce jibi motar makaranta za ta kwashe ku zuwa ƙauyukan da za ku yi sitaj, wato koyon aiki a hannu, har ƙarshen damina. Tun ranar nan ban iya zaɓen goro ba. Jiya na zuba mai sankara cikin huhun mai kyau, ni da na tsufa a kan wannan sana'a.

Bari in fara da gaskiya. Uwani, har yau ban gane aikin nan naki ba. Shekarun nan duka kina fita da asuba, ki hau tasin woro-woro ki sauka ki hau bas ɗin gbaka, ki dawo da littattafai masu kauri, amma in an tambaye ni a rumfa abin da kike karantawa sai bakina ya mutu. Alhaji Mudi mai atamfa ɗansa likita ne, kalma ɗaya ya faɗa kowa ya gyaɗa kai. Ni na ce asistant sosiyal, ya ce, "Tana allura?" Na ce a'a. "Tana koyar da yara?" A'a. "Ungozoma ce ta zamani?" A'a. "To alƙaliya ce?" Na ce ita ma a'a. Ya ce, "To me take yi?" Na ce tana sauraron mutane. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Ashe matata ta daɗe da cin wannan jarrabawa." Na yi dariyar tare da shi, amma raina ya ɓaci.

Ke ma da na tambaye ki, ba ki sauƙaƙa min ba. Kin ce in yaro ya daina zuwa makaranta ke za ki je ki gano dalili. In mace ta haihu tana ɓoye jaririn saboda ya zo da nakasa, ke za ki zauna da ita. In tsoho ya ƙi zuwa asibiti, in maraya ya faɗa hannun da ba a kula da shi, in gida ya rikice, duk ke. Na ce to da me za ki yi maganinsu? Kika ce ba magani kike bayarwa ba, haɗa mutum kike yi da abin da zai taimake shi, wani lokaci ma abin yana cikin gidansu bai gani ba. Kaina ya ƙara ɗaurewa. Wannan ai a garinmu aikin gwaggo ne da kawu da liman, ban taɓa jin an shiga aji dominsa ba.

Shi ya sa na je makarantarku, abin da ya jawo faɗanmu. Na san kin ce na kunyata ki, kuma na yarda ban kyauta ba da na je ban gaya miki ba. Na sa babbar rigata, na je wajen Madam ɗin nan doguwa mai tabarau da ke kula da ku, na roƙe ta ta bar ki ki yi sitaj ɗinki a nan cikin Abidjan. Ai ko a Adjamé kaɗai akwai masu damuwar da za su ishe ki har ki tsufa. Sai ta ce in zo in tsaya bakin taga in gani. Na leƙa. Ga wani saurayi ɗan ajinku ya yafa zane, ya riƙe sanda, wai shi tsohon manomi ne da aka zo a yi masa maganar kai matarsa asibiti. Yana ta daka miki tsawa, yana nuna ki da sandar, yana cewa ke yarinyar birni me kika sani. Ke kuwa kina zaune kan ɗan benci, hannu a cinya, kin yi shiru. Uwani, ke da ba a faɗa miki ɗaya a gida ba ki mayar da uku ba! Jinina ya hau, saura kaɗan in shiga in ƙwace sandar. Sai da ya gaji don kansa, sannan kika tambaye shi wa zai dafa masa abinci in an tafi da ita. Yaron ya sauke sandar, ya zauna. Madam ta juyo ta ce min, "Ka gani? Ta iya." Ni ban ga komai ba sai wasan kwaikwayo. Na ce mata to na gani, a bar min ita a birni. Ta cire tabarau ta ce, "Malam, ba mu muka tura ta ba. Ita ta nemi ƙauye, kuma ta zaɓi wanda kowa ya gudu." Da na waiga sai muka haɗa ido da ke ta tagar.

Nasihata ta farko ke nan, kuma daga kaina na ciro ta: kada ki je gyara wa mutum rayuwarsa ta bayan idonsa, ko da kina ƙaunarsa. Ko da yake na ji kamar wannan ma an riga an koya muku.

To, aikinki ban sani ba, amma ƙauye na sani. Ba wanda za ki ba, na can yamma ban taɓa taka shi ba, yarensu ma ban ji. Na san ƙauyukan kurmi da ke bayan Anyama, inda na yi ta shiga sayen goro tun kafin in auri innarki. A can akwai wani dattijo cikin masu yanke shari'ar gari, Yapi, mai gonar koko da itatuwan goro a cikinta. Da Julancin kasuwa muke magana, nasa ya fi nawa karyewa. Duk wautar da zan ba ki labari a gidan mutumin nan na tafka ta.

Zuwana na farko, aka ajiye min kujera ƙarƙashin mangwaro, matarsa Api ta kawo ruwa a kofin roba. Na dubi kofin, hancina ya ce min an taɓa shan bammi da shi. Na ɗaga hannu na ce na gode, ba na jin ƙishirwa. Yapi ya miƙo hannu. Ya karɓi kofin ya shanye, ya goge baki. Da na kawo maganar goro ya ce bana bai yi ba. Ga goro ina gani da idona a kwanduna, an rufe da ganye, mata na ɓare shi a bayan ɗaki! Na bi gida gida, kowa ya ce bana bai yi ba. Na koma Adjamé hannu rabbana ina zagin mutanen kurmi. Sai wani tsohon bafatake ya ce min, "Kai ne sakarai. Wanda ya ƙi ruwan gida ya ce ke nan yana zargin masu gidan da guba." Saboda haka in an miƙo miki ruwa ki karɓa da hannu biyu, ki kai baki, ko leɓe ne ki jiƙa. In azumi kike ki karɓa, ki riƙe, ki faɗa musu dalili.

Amma kin ga inda kaina ke ɗaurewa. Ke ce kika hana mu sakat a gidan nan kan a tafasa ruwa, a tace, a rufe randa, kina mana wa'azin kurkunu da zawo. An ce ma cikin aikinki har da koya wa matan ƙauye wannan. Ga shi ni kuma ina ce miki ki sha. Ta yaya za ki sha ruwan mutum yau, gobe ki ce masa ruwansa ne ke sa 'ya'yansa ciwo? Ban sani ba. Abin da na sani kawai, in ba ki sha na yau ba, maganar gobe ba mai jin ta.

Na koma, na sha ruwan har na nemi ƙari. Sai na faɗa wani ramin. A wajensu, bayan ruwa sai a tambayi baƙo labari. Ba a so ka faɗi abin da ya kawo ka. Cewa za ka yi ba wani mugun abu, gaisuwa ce kawai. Daga nan mai gida ya kwashe nasa labarin ya ba ka, tun daga ruwan sama har zuwa akuyar da ta ɓata. Sai can an natsa a sake tambayarka, sannan ka buɗe jakarka. Ni kuwa, da Yapi ya ce ina labari, sai na ce farin goro nake so, manya, kuma direba na jirana. Matan da ke bayan ɗaki suka fashe da dariya. Da na koyi tsarin kuma sai na koye shi a baki kawai. Yapi na ba da labarinsa, ni ina gyaɗa kai, idona na kan kwanduna ina auna huhu nawa za su yi. Wata rana a cikin labarin nan ya ce Api ba ta jin daɗin ƙafarta, ya wuce zuwa maganar ɓeraye. Ban ji ba. Na gama ciniki na ce ina Api ta kawo min acheke, dambun rogon nan nasu, irin na rannan. Kowa ya sunkuyar da kai. Ashe matar tana kwance cikin ɗaki, ƙafa ta kumbura ta kusa ruɓewa. Kunya ta rufe ni. Kuma ashe goron ma duk a hannunta yake, ita ke tarawa, ita ke sa a ɓare, ita ke yanke farashi, Yapi bakinta ne kawai a gaban baƙi. Na daɗe ina ciniki da wanda ba shi ne mai kaya ba.

Don haka ki saurari labarin mai gida, musamman abin da ya faɗa a gurguje ya wuce. Babbar damuwarsa yakan cusa ta ne tsakanin akuya da ɓera. Kada ki fito da takarda da biro tun kina bakin ƙofa, mutumin ƙauye in ya ga biro haraji yake tunawa. Kuma bayan kin gaida sarkin gari da dattawa, ki zagaya bayan ɗaki inda mata suke. Na san kin ce dole ki rubuta rahoto ki kai wa Madam. To yaushe za ki rubuta? In kin bari sai kin koma masauki za ki manta rabi, in kin rubuta a gabansu za su ɓoye rabi. Ku dai kuka sani da malamanku.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma ina jin shi ya fi kusa da aikinki.

Shekarar da fari ya yi tsanani wuta ta shiga kurmi, gonar Yapi ta ƙone ƙurmus, koko da goro duka. A lokacin mun zama kamar 'yan'uwa, ina da ɗakin da nake sauka a gidansa, Api ta ware min tukunyar da ba a taɓa dafa naman daji a ciki ba. Da na ji labari hankalina ya tashi. Na sayi buhun shinkafa, da mai, da turmin atamfa, na hau kamiyo, babbar motar da ke shiga ɗaukar katako. Na sa aka sauke kayan a dandalin gari, gaban kowa, na ce a kira Yapi. Har ga Allah zuciyata fari take. Haka na ga ana yi a ƙofar masallaci, kuma ina so garin su san Yapi yana da aboki a birni. Ya zo, ya tsaya, ya dubi buhun ya daɗe. Ya yi godiya mai tsawo, da yarensu da Julanci. Sannan ya sa aka kwance bakin buhun, ya raba wa gari kaf, gida gida, har man. Ko ƙwaya bai shigar gidansa ba, alhali na ga jikokinsa suna cin rogo tsura.

Da gari ya waye ya jawo tunkiya da igiya, ita kaɗai ta rage masa, ga ciki tana ɗauke da shi. Ya miƙa min igiyar a dandalin nan dai, gaban mutanen nan dai, ya ce tukuicin baƙo ne. Uwani, na zo in rage masa yunwa, na tashi zan raba shi da abu na ƙarshe da ya mallaka. Na mai da shi abin tausayi a gaban mutanen da yake yanke wa shari'a, shi kuma ya sayi mutuncinsa da tunkiyar.

Nasihar a nan ita ce taimako yana da ƙofar shiga, kuma ba ta dandali ba ce. Da na san haka, da Api na kai wa a bayan ɗaki, ko in ce kuɗin goron baɗi ne na kawo tun yanzu. Amma in faɗa miki gaskiya, ko wannan ban tabbata ba. Wataƙila da ita ma ta mayar min. Mutumin yunwa yake ji, ni kuma ina da shinkafa, me ya kamata in yi? Na juya abin nan a kaina har furfura ta fito min ban sami amsa ba. In akwai ta a littattafan nan naku masu kauri, don Allah ki karanto min.

A ranar dai ban yi wannan tunanin ba, zuciya ce ta ɗebe ni. Na ɗauka ya watsa min ƙasa a ido ne, ya ƙi kyautata kuma ya biya ni. Hadari ya haɗo, direban kamiyo yana ta danna oda. Na ɗaure tunkiyar a gindin mangwaron nan, na ɗauki jakata, na haye bayan mota. Ban shiga na nemi hanya ba. Ina hango shi tsaye a ƙofar gida da zanensa a kafaɗa, bai ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba. Na ce in na huce zan koma. Sai gonakin wajen suka daɗe ba su farfaɗo ba, na koma saye a Anyama, na yi aure, aka haife ki, kwana ya yi ta tafiya.

Kina aji nawa ne a sakandare, na manta, wata rana cunkoson motoci ya tsare mu a Indénié. Direban gbakar da na hau ya yi ta kallona ta madubi. Da muka isa tasha ya sauko ya riƙe min hannu, ya ce, "Ba kai ne Sani Bahaushe ba?" Ashe Seka ne, babban ɗan Yapi, ya manyanta har da sanƙo. Na tambayi tsoho. Ya ce ya rasu, Api ma ta bi shi. Na ce masa yako, kamar yadda suke ta'aziyya. Sai ya ce, "Ka san har ya mutu bai yarda ka tafi ba? In an yi maganarka sai ya ce, Sani yana nan cikin gida, ai bai nemi hanya ba. Ɗakinka bai bari an zuba koko a ciki ba." Ya ce tunkiyar kuma ba a yanka ba, ba a sayar ba, don ta baƙo ce. Ta haihu, 'ya'yanta sun haihu, yanzu garke ne, duk gari tumakin Sani ake ce musu. Ya ce, "Ka zo ka kwashi kayanka, sun ishe mu da ɓarna." Ya yi dariya, ya ƙi karɓar kuɗin mota, ya ja ya tafi.

Na tsaya a tashar nan kamar wanda aka dasa. Har gobe ban san me tsohon nan yake nufi ba. Zagi ne ya bar min, wato ni mara tarbiyya ne da ya fita kamar ɓarawo? Ko kuwa ƙauna ce, ya ƙi rufe ƙofa? Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Kuma ban je ba. Kunya ta hana ni, ga shi wanda zan nemi hanyar a wajensa yana ƙarƙashin ƙasa. Ko innarki ban taɓa ba ta wannan labari ba, tana jin an ce ina da tumaki za ta fara lissafin layya.

Saboda haka duk gidan da kika shiga, ko bukka ce, ko an zage ki a ciki, ko tsohon ya nuna ki da sanda ta gaske, kada ki fita sai kin nemi hanya. Za ki ji sun ce sun ba ki rabi. Kada ki yi mamaki, haka ake yi wa wanda ake so ya dawo, su riƙe rabin a wajensu. Wanda aka ba hanya duka, an sallame shi ke nan.

To kin ga abin da ya hana ni barci tun Juma'a. Yapi ba a nemi hanya a wajensa ba, ya riƙe ni a gidansa har ya mutu. Ni kuwa an nema, an durƙusa, 'yar cikina, na ƙara muryar rediyo. Ke da aka haifa a Adjamé kin fi ni sanin abin da ya kamata, ni da nake taƙama na san ƙauye.

Ba ƙin ki nake ba, Uwani, tsoro nake ji, bari in faɗa da bakina. Ina tsoron shingayen hanya a wannan zamani, inda sunanki kaɗai ya isa a ce ki sauko da takardunki. Ki riƙe su a jikinki, kada ki sa a jaka, kuma bakin nan naki ki adana shi a wajen, ki yi musu irin shirun da kika yi wa mai sanda. Ina tsoron ciwo a inda asibiti ke da nisa. Ina tsoron ki kwashi kukan gari guda ki ɗora a kanki, ke kuma ba mai tambayarki labari. Amma wanda ya fi duka, na ji kin ce wa innarki in kin karɓi takardar gamawa ma a ƙauye kike so ki zauna. Na san yadda ƙauye ke kama mutum, ni da aka ware wa tukunya. Na ga kamar in na ce na ba ki hanya, shi ke nan na ba da ke. Sai na yi shiru, wai ko shirun zai riƙe ki. Ga shi bai riƙe ki ba, sai dai ya sa kin tafi da nauyi a zuciya.

Sauran nasiha kin san su. Ki riƙe salla ko da ke kaɗai ce mai yi a garin. Ki ci abin da ya halatta a cikin abincinsu ki yaba, wanda bai halatta ba ki ƙi shi da fara'a. Kada ki yi alkawarin abin da ba ya hannunki, mutumin ƙauye ba ya manta alkawari, kin dai ji labarin tunkiya. In abu ya fi ƙarfinki ki ce ya fi ƙarfinki. Innarki za ta ba ki ƙunshin farin goro a ganyen fita, da hannuna na zaɓa, kuma wannan karon na duba da kyau. Ki riƙa yayyafa masa ruwa. Ki kai wa dattijon da zai fara tambayarki labari.

Yanzu ki gyara zama, ki ɗauka muna tsakar gida, na kashe rediyo. Kin nemi hanya. Na ba ki, Uwani, da zuciya ɗaya, Allah Ya yi miki albarka. Amma rabi na ba ki. Rabin yana nan wajena, kuma ina da aikin da zan ba ki in kin zo karɓa. In damina ta wuce kin dawo, ki raka ni ƙauyen Yapi. Ni kaɗai ba zan iya ba, ban san da wane ido zan dubi mangwaron nan ba. Ke an koya miki yadda ake zama a gaban mutane a yi shiru har magana ta fito. Mu sha ruwansu, mu ji labarinsu, ki zauna kusa da ni in nemi hanya a wajen Seka. In Alhaji Mudi ya sake tambayata aikin me kike yi, zan ce masa ya bari mu dawo tukuna.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, Ya sa mutanen da za ki wajensu su ji sanyinki, ke ma ki ji nasu. Ya jiƙan tsohuwata da kika ci sunanta. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Sani mai goro.